Wata Goma Sha Ɗaya Bai Ga Gulbi Ba: Lamarin Wani Masunci a Argungu

Kawuna masunci ne ɗan masunci. Ya iya hawan gora tun kafin ya iya riƙe allo, kuma har ya haura shekara saba'in ban san ya taɓa jera kwana uku bai taka bakin ruwa ba, in ka ɗebe zuwansa Makka. Wata asuba a watan Janairun 2020, yana cikin alwala, buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, ɓarin jikinsa na hagu ya saki. Hawan jini ne da ya daɗe yana yawo da shi bai sani ba. Aka kai shi wani asibiti a Birnin Kebbi, ya kwana goma sha biyu, aka sallamo shi da ledar magunguna da takardar zuwa gashin ƙashi. Daga ranar da aka shigo da shi gida sai da ya yi wata goma sha ɗaya bai sake sa gulbi a ido ba, alhali daga ƙofar gidansa zuwa bakin ruwa yaro ba ya yin minti ashirin a ƙafa.

Ni malamin firamare ne, ban san aikin asibiti ba. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne lamarin a gabana ya gudana, ina da hannu a kurakuran da aka yi, kuma da wuya ka shiga unguwa a ƙasar Kabi ba ka sami gidan da aka ajiye wani irinsa a ƙuryar ɗaki ba. Ban kama suna ba saboda shi da iyalinsa suna nan da ransu.

Ɗakin ƙurya

Ɗakin da muka zaɓa masa shi ne na can ciki, mai ƙaramar taga guda wadda aka cushe da tsumma saboda ƙurar hunturu. Kowa yana da hujjarsa, kuma ba wanda ya yi da mugun nufi. Inna, uwargidansa, sanyi take gudar masa. Babban ɗansa ba ya son masu shigowa dubiya su ga mutumin da ake shakka a bakin ruwa yana dalalar da yawu. Wasu dangi kuma suka ce iska ce ta buge shi, mutanen ruwa ne suka taɓa shi bayan shekarun da ya yi yana shiga gidajensu, saboda haka kar a bari iskar waje ta sake samunsa, musamman da almuru. Shi kansa bai nemi fitowa ba; kunya ta ishe shi.

Mun yi masa duk abin da muka san ana yi wa majinyaci. Ana juya shi a kan katifa don kar ya yi gyambon kwanciya, ana ba shi magani a kan lokaci, ana dama masa kunu. Aka haɗa kuɗi aka sayo fanka mai caji da ƙaramin talabijin. Jiki bai ƙara lalacewa ba, amma mutumin ya fara janyewa. Barcinsa ya juye: ya wuni yana gyangyaɗi, da dare kuma ido biyu har kiran assalatu. Da fari yakan tambayi wace rana ce yau, daga baya ya daina. Wata rana na tambaye shi jiki, ya daɗe yana duban rufi, sannan ya ce, "Ni kau na koma gaiwa, jikina nika ci."

Wanda bai tashi a bakin fadama ba zai ɗauka zaurance ne. Gaiwa kifi ce mai huhu, wadda in ruwa ya janye da rani takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, lakar ta bushe a kanta, ta yi watanni a dunƙule tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa, tana rayuwa da naman jikinta har damina ta zo. Wato ya faɗa mini ciwonsa ƙarara. Ni kuwa na ce masa, "Haba Kawu, Allah zai kawo sauƙi," na gyara masa matashi na fita.

Watan Maris ya fi kowane wata tsanani. A shekarar ce aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba. Bikin nan ba ƙaramin abu ba ne ga Bakabe. Asalinsa a yadda ake yinsa yanzu yana komawa ne ga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ya zama alamar ƙarewar tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon bil'adama. Kawu ya shiga Matan Fada, ruwan da ake kamun a cikinsa, da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, da gora ya fi sau ƙidaya, shekarun da aka dakatar kuwa kullum cewa yake in an dawo da shi ko kallo ne sai ya je. Ga shi an dawo, gari ya cika maƙil, kiɗa na shigowa har cikin gida, shi yana kwance a duhu.

Da yamma samarin gidan suka shigo da murna, suka kanga masa waya a fuska: ga dubban mutane sun ruga cikin ruwa, ga giwan ruwan da ya zo na ɗaya, kilo 78, ana ɗora shi a sikeli. Ya duba kaɗan ya ce, "Ina anka kama shi?" Suka ce a Matan Fada mana. Ya ce ya sani, amma wane gefe, gurbin wace gaɓa, ruwan ya kai wuya ko ya shanye mutum? Ba wanda ya sani. Sai ya juya fuska bango. Mu muka ɗauka baƙin cikin rashin zuwa ne kawai. Sai daga baya na gane cewa tambayar nan ita ce mabuɗin lamarin duka.

Kwanaki kaɗan bayan haka korona ta rufe makarantu. Zuwa gashin ƙashi Birnin Kebbi, wanda dama kuɗin mota ya sa ya koma jefi-jefi, ya tsaya cak, don kowa tsoron asibiti yake. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Amma rufewar ta zo mana da abu biyu da ba mu da su a da: ni na sami lokaci, jikansa ɗan shekara goma sha biyu shi ma ya zauna gida ba aikin fari ba na baƙi.

Abin da na karanta, da inda ya tsaya

A zaman nan na yi ta bincike a waya kan masu shanyewar ɓarin jiki. Na ga cewa kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo suna faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma damuwar kan ja warkewar baya. Na ga cewa hasken safiya ne ke saita agogon jiki, wanda ya wuni a duhu barcinsa kan rikice. Na kuma ci karo da wani tsohon bincike na Roger Ulrich da aka buga a mujallar Science a 1984. Ya duba bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Fensilbeniya ta Amurka. Rabinsu tagarsu na kallon itatuwa, rabi na kallon katangar bulo. Masu kallon itatuwa sun riga barin asibiti da kusan kwana guda, kuma sun fi ƙarancin neman maganin zafi mai ƙarfi. Wani binciken da aka yi kan mutum kusan dubu ashirin a Ingila, aka buga a 2019, ya nuna cewa masu samun aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi yawan cewa suna jin lafiya da natsuwa.

Waɗannan sun ba ni ƙarfin gwiwar buɗe baki a gidan da ni ɗan ƙanwa ne, ba mai yanke hukunci ba. Sai dai ina ganin sun tsaya rabin hanya. Mutanen da aka yi binciken a kansu, daji da ruwa wurin shan iska ne a gare su. Kawu bai taɓa zuwa gulbi shan iska ba. Can ne kasuwarsa, can ne makarantarsa, kuma can ne ake tambayarsa ya ba da amsa. Da wannan na ci gaba da tuntuɓe har ƙarshe.

Fitowa

Fito da shi tsakar gida ya ci mako guda ana ja-in-ja. Inna ta ce, "Ɗan nan, kar ka ja muna abin magana." Babban ɗansa ya ce in wani abu ya faru ni zan ɗauka. Abin da ya raba gardamar ba hujjata ba ce, bazara ce. Zafin Afrilu a Argungu yana haura digiri arba'in, ɗakin ƙurya ya koma tanda, fanka iskar wuta take hurawa. Dole aka yarda. Muka kafa rumfar zana a ƙofar ɗakin tana fuskantar gabas, muka rataya tabarma ta gefen zaure don kar mai shigowa ya gan shi kai tsaye. Mutum biyu kan ɗauko shi bayan sallar asuba, a jingine shi da bango, sai hantsi ya fara cizo a mayar da shi. Da la'asar sakaliya a sake fitowa da shi, a shigar kafin magariba, don wannan sharaɗin Inna ba ta sassauta ba.

Daga inda yake zaune abin da ake gani bai taka kara ya karya ba: dogon yaro guda a tsakar gida, turken awaki, yankin sama, da kan wata tsohuwar tsamiya da ke gidan maƙwabci ta leƙo bisa katanga. Cikin mako biyu barcinsa ya koma dare. Wannan shi ne sauyi na farko, kuma shi ne mafi sauƙin bayani. Magana dai ba ta dawo ba.

A nan na yi kurakurai biyu a jere. Na sayo kanari a keji na rataya masa a rumfa, ina ganin na yi dabara. Ya kwana biyu yana kallonsa, rana ta uku ya ce da jikan, "Buɗe mashi. Ɗaurarre guda ya isa gidan ga." Kuɗina suka tashi sama ina kallo. Sai na sa aka cika babban baho da ruwan rijiya, aka zuba 'yan karfasa da tarwaɗa, wai in kawo masa gulbi gida. Ya sa hannun dama ya taɓa, ya shinshina, ya ce, "Wanga ba ruwa na ba." Karfasar suka mutu cikin kwana uku saboda zafi da rashin iska a ruwan, aka soye tarwaɗar. Abin da ya fi muni, na bar bahon da ruwa a gefe, bayan mako guda ya cika da ƙwarƙwaron sauro. Sauro daga ƙwai zuwa tashi bai fi kwana bakwai zuwa goma ba a irin zafinmu, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Kebbi ce kan gaba a zazzaɓin cizon sauro tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 52 cikin ɗari. Saura kaɗan in yi gyaran gangar auzinawa.

Abin da ya yi aiki ba ni na ƙirƙiro shi ba. Inna ce, wadda ta fi kowa ƙin fitowar, ta ajiye fasasshen kasko a gindin dogon yaro tana zuba wa kaji ruwa. A tsakiyar bazara, lokacin da kowane kududdufi ya ƙafe, kasko mai ruwa kasuwa ne. Kurciya ce ke fara sauka, ta tsaya nesa tana leƙe, ta matso taku uku ta koma biyu. Sai hasbiya, mai jan da'ira a ido, ta zo da gadara ta kore ta. Ƙananan nan jajaye da muke kira baiwar Allah su ba ruwansu da kowa, har bakin tabarmarsa suke zuwa tsintar tsaki. Ƙadangare ma ya shigo layi. Wata safiya na iso na tarar yana yi wa jikan faɗa da murya sama, karo na farko tun Janairu, wai ya ajiye kaskon a fili inda shirwa ke gani, ya matsar da shi ƙarƙashin reshe, ya kuma jefa dutse a ciki don ƙanana su sami wurin tsayawa kar su nutse. Muka kafa doka cewa kullum da safe a zubar da na jiya, a goge kaskon, a zuba sabo.

Ɗan aike

Ganin faɗan nan ne ya tuna mini tambayar ranar biki. Na ce da yaron, gobe in ka je bakin gulbi wanka, ka dawo ka faɗa wa kakanka abin da ka gani. Ya je ya dawo ya tsaya a gabansa ya ce, "Tsoho, ruwa na nan."

"Idon ga naka ban da ƙwallo mi ya sani? Ruwa na nan! Da can ina za su?"

Wasan jika da kaka ya ba da ƙofar da ni ba ni da ita. Ni ba zan iya ce masa tsoho ba, shi kuma ba zai zage ni ya ji daɗi ba. Ya sa yaron ya samo doguwar sandar gora, ya nuna masa yadda zai yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, tazarar yatsa huɗu-huɗu, ya kwatanta masa wata gaɓa da ke da tushen itace inda zai kafa ta. Daga ranar aikin yaron ya zama amsa tambayoyi. Tsaga nawa ruwa ya ci ko ya saki? Wane launi ne, fari, ja ko baƙi-baƙi? Kainuwa tana tsaye ko tana tafiya, kuma ta wane gefe? Wa ka gani ya jefa birgi, me ya fito da shi? Zalɓe yana gaɓar nan ko ya ƙetare? Da dare ka ji kukan kirinjijiya ta wuce? In yaron ya ce bai lura ba, sai a kora shi ya koma. Har kwalba yake ɗebo ruwan a ciki, Kawu ya ɗaga ta a rana, ya bari laka ta kwanta, ya duba kaurinta.

Ni na kawo littafin rubutu mai shafi arba'in, yaron na rubuta kwanan wata da abin da aka gani. Ba don Kawu ba, shi kansa ne littafinsa, sai don in ga ko abin zai ɗore, kuma in ce yaron bai bar rubutu ba duk da an rufe makaranta.

Wata rana cikin azumi yaron ya shigo da dunƙulen busasshiyar laka kamar kan mutum, wasu masu haƙa a fadama sun ba shi. Gaiwa ce a ciki. Aka sa a bahon nan nawa mai tarihi, aka zuba ruwa, gida duka aka kewaye. Laka ta jiƙa ta fara zubewa, aka jima ba abin da ya motsa, har yara sun fara watsewa, sai wani abu baƙi ya miƙe a hankali kamar tsumma, ya kai baki saman ruwa ya ja iska. Na saci kallon Kawu ina jiran wata magana mai nauyi, tunda shi ya kira kansa gaiwa. Ya leƙa ya ce ta rame, ba abin ci a jikinta, a mayar da ita inda akwai ruwa. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Shamuwa ta sauka kan tsamiyar maƙwabci a ƙarshen Afrilu, shi ya fara ganinta. Tsuntsuwar nan da rani ƙetare tsakiyar duniya take yi zuwa gabashi da kudancin Afirka, ta dawo ƙasashenmu ta yi sheƙa gab da faɗuwar damina, shi ya sa manomi ke duban ta kamar kalanda, kuma ba a taɓa ta. Ya sa aka kira babban ɗansa, ya ce a fara gyaran gona. Ba wai ɗan bai san lokaci ba ne. Amma ya zo, ya durƙusa, ya ce to Baba, kuma daga ranar ya riƙa biyowa ta rumfar kafin ya fita. Bayan shi sai abokan su Kawu biyu suka fara zuwa da hantsi, aka naɗe tabarmar da ke kare zaure, ba wanda ya ce a naɗe.

Ambaliya

Da damina ta zauna, ya sa aka cika bahon da lakar fadama aka dasa shinkafa 'yar kaɗan, yana duba ta kullum yana kwatanta ta da labarin da ake kawo masa daga gona. Wannan karon saboda sauro aka huda gindin bahon, ana ba da ruwa ana tsiyayewa.

Ruwan da ke wucewa ta Argungu ba na Argungu ba ne. Gulbin Rima yana gangarowa ta madatsar Goronyo, gulbin Sakkwato kuma ya taso daga wajen Funtuwa ya bi ta Gusau da madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, su haɗu kusa da birnin Sakkwato, su biyo ta wurinmu da Birnin Kebbi kafin su faɗa Kwara. Saboda haka ana iya wuni rana tsaka a nan, ruwan da aka yi a Zamfara kwanakin baya yana hawa gaɓa. A watan Agusta littafin yaron ya fara nuna tsaga biyu, tsaga uku a kwana guda, ruwan ja wur, ɗauke da karan da ba na yankinmu ba. Ranar da gorar ta nutse gaba ɗaya, Kawu ya ce a ɗauke injin ban ruwa da buhunan taki daga bukkar fadama a kai tudu, a kuma janye jirgi a ɗaure shi sama.

An ɗauke, kuma sun tsira. Shinkafar ba ta tsira ba. Ambaliyar 2020 ta fi ƙarfin lissafinsa. Shi ya ce ruwan zai tsaya wajen wata giginya da ya sani, ya wuce ta da nisa. Rahotanni a lokacin sun ce kimanin hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya shanye a jihar. Gonar gidan Faro 44 ce, irin zamani gajere, wanda in ruwa ya rufe kansa kwanaki kaɗan ya tafi. Kawu ya yi ta mita cewa irin da suka gada, mai miƙewa yana bin ruwa, da bai mutu haka ba, ɗansa kuma ya ce wancan irin ba ya cika buhu. Sun yi kwana biyu ba sa ga-maciji. Na lura dai cewa wanda ke rigima kan irin shinkafa ba shi ne mutumin da ya juya fuska bango a watan Maris ba.

Inda lamarin ya tsaya

A watan Disamba, bayan ruwa ya koma, muka ɗauki hayar Keke Napep muka kai shi bakin gulbi. Zuwa da kai ya fi aike, in ji masu magana, kuma na yi zaton ranar za ta zama babbar rana. Aka zaunar da shi a kujera, masunta suka taso gaisuwa. Ya duba ruwa, ya duba gaɓar da ambaliya ta cinye, ya nemi tushen itacen da aka kafa gora bai gan shi ba. Bai yi rabin awa ba ya ce a mayar da shi. A hanya bai yi magana ba, ya kuma kwana biyu shiru. Tun daga nan sau ƙalilan ya yarda aka sake kai shi. Fahimtata ita ce a rumfa shi ne mai fassara abin da aka gani, a bakin ruwa kuwa mutum ne a kujera yana kallon wasu na jefa birgi.

Hannun hagu bai dawo ba. Ƙafar ta ɗan saki, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa rumfa, kuma ba zan ce kasko da shamuwa ne suka yi wannan ba, don ya ci gaba da shan maganin hawan jini, an kuma koma gashin ƙashi da hanya ta buɗe. Abin da zan iya shaida a kai shi ne barci, da cin abinci, da magana, da kuma cewa yanzu in bai tambayi wace rana ce ba, saboda ya riga kowa sani ne. Kuɗin da aka kashe a kan abin da ya yi amfani bai wuce na zana da littafin rubutu ba. Talabijin ɗin yana ɗakin samari.

Da aka buɗe makarantu aiken gulbi ya koma Asabar da Lahadi, kuma an ga alamar hakan a jikinsa, ranakun tsakiyar mako ya fi yin shiru. Ƙanwar yaron ta karɓi aikin kasko. Littafin farko ya cika, ana kan na uku, kuma akwai gardamar da ba ta mutu ba tsakaninsa da jikan kan ranar da shamuwa ta sauka a shekara ta biyu: littafi ya ce Talata, shi ya ce tun Lahadi ya gan ta, yaron ne bai ɗaga kai ba.

Matsalar da ke gabanmu yanzu ta tsamiyar ce. Maƙwabcin ya rasu, magada sun raba gida, wanda ɓangaren itacen ya faɗo masa yana son ya sare ya fitar da shaguna biyu ta bakin hanya. Haƙƙinsa ne, ba mai hana shi. Babban ɗan Kawu ya je ya same shi sau ɗaya, ya ce zai duba, amma an riga an sauke yashi da bulo a ƙofar gidan. Har yau ba wanda ya faɗa wa Kawu, ko da yake daga inda yake zama ana jin ƙarar tifa in ta juye kaya.